Kakan kifin wel da aka haƙo a Najeriya yana Landan, da sunan Gwamna Lugga

A gidan adana tarihin halittu na birnin Landan akwai wani guntun muƙamuƙi da ya riga ya zama dutse, da 'yan haƙora a jikinsa. Daga Najeriya aka kai shi. An same shi ne a yankin Ameki da ke kudu maso gabashin ƙasar nan, inda Turawan mulkin mallaka suka tsaga tudu domin shimfiɗa layin dogo daga Fatakwal zuwa mahaƙar kwal ta Inugu.

A 1920 wani masani ɗan Birtaniya, Charles Andrews, ya wallafa bayani a kansa, ya ce ƙashin wani tsohon nau'in kifin wel ne da ba a taɓa sani ba. Ya raɗa masa suna Pappocetus lugardi. Kalmar farko na nufin kakan wel. Ta biyun kuwa ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya yi darasin tarihi: sunan Gwamna Lugga ne.

Shekara ɗari da 'yan kai ke nan. A tsawon wannan lokaci, batun yadda wel ya koma rayuwa a teku ya tashi daga hasashe ya zama ɗaya daga cikin batutuwan da suka fi samun hujja a ilimin halittu. Mafi yawan ƙasusuwan da suka kafa wannan hujja daga ƙasar Asiya da Afirka aka tono su. Pakistan ta bayar da nata, Indiya ta bayar, Masar kuwa ta mayar da nata fagen binciken 'ya'yanta. Babin da har yanzu yake da giɓi shi ne na Afirka ta Yamma, kuma Najeriya na zaune a kansa.

Da farko dai, wel ba kifi ba ne, ko da yake baki ya saba da kiransa haka. Yana da huhu, dole ya ɗago ya shaƙi iska ko ya nitse ya mutu. Macen tana ɗaukar ciki, ta haihu, ta shayar da ɗanta nono. Idan aka feɗe fiffiken da yake iyo da shi, za a tarar da ƙashin damtse, da na sangalin hannu, da gaɓoɓin yatsu. A can cikin naman bayansa kuma akwai wasu ƙananan ƙasusuwan ƙugu da ba su haɗe da ƙashin baya ba.

Akwai kuma yadda yake iyo. Kifi na kaɗa jikinsa ne hagu da dama. Wel kuwa sama da ƙasa yake kaɗa wutsiya, ƙashin bayansa na lanƙwasawa yana miƙewa, daidai yadda bayan doki ko na barewa ke yi idan ta zura da gudu. Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A nan karin maganar ya faɗa daidai fiye da yadda mai ƙirƙirarsa ya zata, domin bincike ya nuna wel da barewa dangi ne na nesa.

Masana sun daɗe da ganin waɗannan alamu. Abin da ya gagare su shi ne samun dabbobin da ke tsakani, wato masu ƙafa amma da kamannin wel. Masu sukar ra'ayin sun sha tambaya, kuma tambayar tasu tana kan hanya: ina ƙasusuwan?

Amsar ta fara fitowa daga tsaunukan arewacin Pakistan. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce akwai wani teku da masana ke kira Tethys, tsakanin yankin Indiya da sauran nahiyar Asiya. Da yankin Indiya ya matso ya tunkuɗi Asiya, sai tekun ya rufe, taɓon gindinsa da na kogunan da ke malala cikinsa suka ɗago suka zama tsaunuka. A cikin irin waɗannan duwatsu ne Philip Gingerich na Jami'ar Michigan ta Amurka da abokan aikinsa suka samu bayan ƙoƙon kan wata dabba, suka sa mata suna Pakicetus a 1981.

Abin da ya sa suka ce wel ce shi ne kunnenta. Ƙoƙon ƙashin da ke rufe tsakiyar kunnen wel yana da wani leɓe mai kauri da nauyi ta gefen ciki, wanda a wancan lokaci ba a san wata dabba da ke da irinsa ba. Pakicetus na da shi.

Sai dai kai kaɗai aka samu, sauran jikin kuma aka cike shi da zato. Zanen farko da ya yi fice ya nuna dabbar tana nutso tana bin kifi da gajerun ƙafafu kamar filafili. Shekara 20 bayan haka, a 2001, Hans Thewissen da tawagarsa suka fito da sauran ƙwarangwal ɗin, sai ga dabba mai girman kare, da dogayen ƙafafu sirara da doguwar wutsiya. Zanen ya sha ruwa. Abin da ya tabbata shi ne Pakicetus na yawo a bakin rafi ne, yana shiga ruwa marar zurfi. Ƙasusuwan ƙafarsa suna da kauri da nauyi, irin na dabbobin da ke tafiya a gindin ruwa kamar dorina, waɗanda nauyin ƙashi ke hana ruwa ya ɗago su.

Dabbar da ta fi ba da haske kan yadda iyon ya fara ita ce Ambulocetus natans, wadda Thewissen da masana 'yan Pakistan, Taseer Hussain da Muhammad Arif, suka tono a tsaunukan Kala Chitta a 1992, suka bayyana ta a 1994. Ma'anar sunan ita ce wel mai tafiya mai iyo. Tsawonsa ya kai mita 3, da dogon baki irin na kada, da gajerun cinyoyi, da tafin ƙafar baya manya-manya masu dogayen yatsu. Ƙugunsa na nan daram a haɗe da ƙashin baya, don haka yana iya ɗaukar nauyin jikinsa a tudu, ko da yake da wuya ya kamo akuya a guje. A ruwa kuwa, waɗannan manyan ƙafafu su ne injinsa. Yana tura ruwa da su, bayansa na lanƙwasawa sama da ƙasa, kamar yadda karen ruwa ke yi a yau.

Haƙoransu ma sun ba da shaida. Sinadarin iskar da ke cikin ruwan daɗi ya ɗan bambanta da na ruwan gishiri, kuma wannan bambanci na zama a cikin haƙorin dabba gwargwadon ruwan da ta sha. Da aka auna, haƙoran Pakicetus sun nuna ruwan daɗi. Na Ambulocetus sun nuna bai rabu da ruwan daɗi ba duk da cewa a bakin teku aka same shi. Na waɗanda suka biyo baya da 'yan miliyoyin shekaru sun nuna ruwan teku zalla.

Wurin da ya fi dacewa a tsaya a yi nazari shi ne rigimar da ta ɓarke kan asalin wel, domin a nan ne ake gane ko wannan fanni na neman gaskiya ne ko kare ra'ayi.

Tun daga shekarun 1960, masu nazarin tsofaffin ƙasusuwa sun yarda cewa wel ya fito ne daga wasu dabbobi masu cin nama da suka ƙare, waɗanda ake kira mesonikid, saboda kamar da haƙoransu suka yi. Gingerich na cikin masu wannan ra'ayi. A shekarun 1990 sai masu binciken ƙwayoyin halitta na gado suka zo da wani zance daban. Suka ce sakamakon ɗakin gwaji ya nuna wel na cikin dangin dabbobi masu rababben kofato ne, su shanu, tumaki, raƙuma da barewa, kuma mafi kusa da shi a cikinsu ita ce dorina. Masu ƙasusuwa suka ƙi yarda. Aka yi shekaru ana ja-in-ja.

Akwai ƙashi ɗaya da zai iya raba gardamar. A gaɓar idon ƙafar duk dabbar da ke cikin dangin masu rababben kofato akwai wani ɗan ƙashi mai kwari biyu masu santsi, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kamar inda igiya ke bi. Duk wanda ya taɓa cin ƙafar rago da Babbar Sallah ya riƙe shi a hannu, ko bai lura ba. Babu wani dangin dabbobi da ke da irinsa. Wel na yau ba shi da ƙafar baya, don haka sai an samu tsohon wel da idon ƙafarsa cikakke.

A shekarar 2000 tawagar Gingerich, tare da ma'aikatan hukumar binciken ƙasa ta Pakistan, ta same shi a lardin Balochistan, a jikin wasu tsofaffin wel biyu masu shekara miliyan 47, Rodhocetus da Artiocetus. Ƙashin na da kwari biyu. A 2001 Gingerich ya wallafa sakamakon da ya rushe ra'ayin da ya shafe shekaru yana karewa. Mutum ya je da kansa ya tono hujjar da ta kayar da shi, kuma bai mayar da ita rami ya binne ba. Wannan ya fi kowane dogon jawabi nuna dalilin da ya sa ya kamata a ɗauki sakamakon da muhimmanci.

Wannan ba ya nufin dorina ce ta haifi wel. Kakansu ɗaya ne da ya rayu fiye da shekara miliyan 50 baya, kowa ya kama hanyarsa. A 2007 aka samu ƙarin haske daga wasu duwatsu da wani masanin ƙasa ɗan Indiya, Ranga Rao, ya tara a Kashmir shekaru da dama kafin nan. A cikinsu akwai wata 'yar dabba mai kofato, Indohyus, da ba ta fi mage girma da yawa ba. Wani ma'aikacin ɗakin bincike ya fasa ƙoƙon kanta bisa kuskure yana gyarawa, sai ga leɓen kunnen nan mai kauri, wanda a da ake zaton wel kaɗai ke da shi.

Daga nan sauyin ya yi ta tafiya. Ƙofofin hanci suka riƙa ja da baya zuwa saman kai. Wuya ya gajarce. Haɗin ƙugu da ƙashin baya ya sassauta har ya rabu, abin da ya ba bayan damar lanƙwasawa tun daga ƙirji har wutsiya, amma ya kawo ƙarshen tafiya a tudu. Aegicetus, wanda aka bayyana a 2019 daga Masar, mai kimanin shekara miliyan 35, ya nuna wannan mataki: ƙafafun sun ragu, ƙarfin iyo ya koma tsakiyar jiki da wutsiya.

Ƙarshen zangon yana Wadi Al-Hitan, wato Kwarin Wel, a hamadar Fayum, kimanin kilomita 150 kudu maso yamma da Alƙahira. A can ɗaruruwan ƙwarangwal ke kwance a kan rairayi, inda a da teku ne. Mafi girma shi ne Basilosaurus, mai tsawon mita 15 zuwa 18. Sunan ma kuskure ne: wanda ya fara bayyana ƙasusuwansa a Amurka a 1834 ya zaci ƙaton ƙadangare ne, ya kira shi sarkin ƙadangaru, kuma sunan ya zauna. A 1989 aka gano ƙafafun bayansa a wannan kwari. Tsawonsu bai wuce santimita 60 ba, amma da gwiwa, da ƙoƙon gwiwa, da idon ƙafa, da yatsu. Ƙafar da ba ta fi hannun yaro ba a jikin dabbar da ta kai tsawon tirela. Maƙwabcinsa Dorudon, mai mita 5, gaɓoɓin ƙarshen wutsiyarsa sun nuna yana da faffaɗan fiffiken wutsiya irin na wel na yau.

Daga Pakicetus zuwa wannan mataki, kimanin shekara miliyan 10 ne. Masanan da kansu suna gargaɗin kada a jera waɗannan dabbobi kamar uba da ɗa da jika. Sun fi kama da 'yan uwa da baffanni a babban gida, wasu rassan sun mutu ba magaji. Kuma har gobe akwai saɓani kan wasu abubuwa. Misali, an samu wata wel mai suna Maiacetus a Pakistan da ƙasusuwan ƙaramin wel a cikinta, kansa na fuskantar mafita kamar yadda dabbobin tudu ke haihuwa. Waɗanda suka gano ta sun ce ɗan tayi ne, kuma alama ce cewa a tudu take haihuwa. Wasu masanan sun ce mai yiwuwa abin da ta haɗiye ne. Saɓanin bai taɓa gwiwa da yatsun Basilosaurus ba.

Ba a rasa masu karatu da za su ji nauyin wannan magana ta fuskar addini. Damuwa ce da bai kamata a yi wa dariya ba. Amma ƙashi ba ya amsa tambayar wane ne ya yi halitta, kuma masu tono shi ba su da hurumin amsa ta da guduma da ma'auni. Abin da ƙashi ke nunawa shi ne wace dabba ce ta rayu, a ina, kafin wace. Ana iya tattauna fassarar hakan da malamai cikin natsuwa. Abin da ba zai yi amfani ba shi ne a ce wa ɗalibi ƙasusuwan babu su, alhali yana iya ganin hotonsu a wayarsa cikin minti ɗaya. Ranar da ya gani, ba darasin kimiyya kaɗai zai daina yarda da shi ba, har da wanda ya ce masa babu. Pakistan da Masar ƙasashen Musulmi ne, kuma hukumominsu da jami'o'insu ne ke cikin wannan aiki dumu-dumu.

Masar ce ma ta fi dacewa a yi koyi da ita. Shekaru da dama baƙi ne ke zuwa su tono, su kwashe, su raɗa suna. A 2005 hukumar UNESCO ta sa Wadi Al-Hitan cikin wuraren tarihi na duniya, daga baya aka gina gidan adana ƙasusuwa a cikin kwarin. A 2010 Hesham Sallam ya kafa cibiyar nazarin tsofaffin ƙasusuwa a Jami'ar Mansoura, ya fara horar da ɗalibai. A 2021 ɗalibinsa Abdullah Gohar ya jagoranci bayyana wani wel mai ƙafa huɗu, ɗan shekara miliyan 43, suka sa masa Phiomicetus anubis, daga sunan Fayum da na wani gunkin tsohuwar Masar. A 2023 suka ƙara da Tutcetus, don tunawa da Fir'auna Tutankhamun. Shekara 11 kacal tsakanin kafa cibiya da raɗa wa wel suna daga tarihin gida.

Me ya sa Afirka ta Yamma ke da muhimmanci a wannan labari? A 2019 aka bayyana wani wel mai ƙafa huɗu, Peregocetus, a gaɓar tekun ƙasar Peru, ɗan shekara miliyan 42.6, da alamun ƙananan kofato a yatsunsa. Dabbar da danginta suka faro daga Pakistan ta isa Kudancin Amurka tun tana iya taka tudu. Masu binciken sun ce hanyar da ta fi yiwuwa ita ce ta gaɓar yammacin Afirka, ta ƙetare Tekun Atlantika a lokacin da faɗinsa bai wuce rabin na yau ba. Ke nan tashar da aka yi wannan tsallake tana nan yankin. A Togo an samu Togocetus a mahaƙar fosfet ta Kpogame, aka bayyana shi a 2014. A Najeriya akwai Pappocetus, mai kimanin shekara miliyan 40, wanda aka samu ƙarin ƙasusuwansa a shekarun 1970, amma har yau babu cikakken ƙwarangwal ɗinsa. Ba a san takamaimai yadda ƙugunsa da wutsiyarsa suke ba, kuma su ne za su faɗi yadda yake iyo.

Arewa ma tana da nata rabon na tsohon teku, duk da cewa ya girmi wel. Dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina ta jihar Sakkwato a gindin teku ya taru, kuma akwai wani ƙaton ƙadangaren teku da duniya ta sani da sunan Goronyosaurus, daga garin Goronyo. Shi ma baƙi ne suka raɗa masa suna.

Aikin da ake buƙata ba irin na harba tauraron ɗan'adam ba ne. Mota ce mai shiga jeji, da guduma, da filasta, da malami ɗaya ko biyu da suka ƙware, da ɗaliban da za a biya wa kuɗin karatu na 'yan shekaru. Najeriya na da sassan ilimin ƙasa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da ta Nsukka da ta Ibadan. Yawancin ɗalibansu man fetur da ma'adinai suke hange, kuma ba laifinsu ba ne, can ne albashi yake. Asusun TETFund da ke ba jami'o'i kuɗin bincike zai iya ɗaukar nauyin cibiya guda irin ta Mansoura ba tare da ya ji a jikinsa ba.

Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa su ma suna da abin yi. Ya kamata kamfanonin da ke fasa dutse da masu gina hanya su san wanda za su kira idan katafila ta turo ƙashin da ya zama dutse, kuma a samu wanda zai ɗauki wayar. Najeriya ta nuna tana iya neman kayanta, tun da ta matsa har wasu ƙasashen Turai suka fara dawo da tagullar Benin. Neman kwafin muƙamuƙin Pappocetus da hotunansa na kwamfuta daga Landan, domin ɗalibi a Umuahia ko Kano ya riƙe a hannu, bai kai wannan wahala ba.

Lokaci kuma ba ya jira. Yankin kudu maso gabas, inda duwatsun Ameki suke, na cikin wuraren da zaizayar ƙasa ta fi yi wa ɓarna a ƙasar nan. Kowace damina ruwa na tsaga sababbin kwazazzabai, yana buɗe shimfiɗar dutsen da ba a taɓa gani ba. Ƙashin da ya fito fili bana, idan babu wanda ya je ya ɗauke shi, ruwan baɗi ne zai farfasa shi ya tafi da shi rafi.